Mai Furfura Ba Ta Son Fashi, Ku Kuwa Ba Ku San Fashi Ba

Sannunku da aiki, masu lambun furanni! Sannunku, masu ban ruwa tun gari bai gama wayewa ba, masu cika leda da ƙasa da taki har bayan la'asar, masu jan tiyo da ɗaukar jarka a bakin titunan Kano da Kaduna da Jos da Abuja da Yamai. Sannunku, ma'aikatan otal da ofisoshi da aka damƙa wa amanar tukwanen shuka. Sannunku, iyayenmu mata da kuka mai da lungun tsakar gida ya zama wurin shan iska. Sannunku, 'yan'uwa da neman halal ya kai Ingila da Jamus da Amurka da Kanada, kuna aiki a kantuna da rumfunan rainon tsirrai cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Yau maganar taku ce, kuma a kan wata 'yar shuka ce da ta gagari masu kuɗi da yawa. Ku ba za ta gagare ku ba!

A kasuwannin Amurka da Turai ana sayar da ita da sunan Frosty Fern, masana kuwa suna kiranta Selaginella kraussiana. Mu a nan bari mu ce mata Mai Furfura, domin ganyenta kore ne shar, bakin kowane reshe kuma fari, kamar kan dattijon da furfura ta fara yi wa sallama. Gajeruwa ce, da wuya ta wuce santimita 30 a tukunya. Ganyayyakinta ƙanana ne ƙwarai, a jere suke sun rufe reshe ruf, rassan kuma suna rabuwa biyu-biyu har tukunya ta cika ta batse. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta ƙamshi. Duk da haka wanda ya gan ta cikin ƙoshin lafiya sai ya tsaya ya tambayi kuɗinta. Shukar da ke tsai da mai wucewa, ai ita ce shukar ɗan kasuwa!

Ku ji yadda cinikinta yake tafiya a can. Da watan Disamba ya kama, sai a jera ta a manyan kantuna domin masu sayen kyautar Kirsimeti, saboda farin bakin nan nata ya dace da lokacin dusar ƙanƙara. A saya, a kai gida, a ɗora kan tebur kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Kafin a yi makonni kaɗan ganye ya nannaɗe, ya bushe, ya koma ruwan ƙasa, sai a jefa ta a shara ana cewa ba ta da ƙarko. To, ita ce ba ta da ƙarko, ko kuwa ba a san abin da take so ba? Ita ce ta gaza, ko hannun da ya ɗauke ta ne ya manta da ita? Ku da kuka san shuka, ku yanke hukunci da kanku bayan kun ji asalinta.

'Yar Afirka ce! Gidanta na asali ƙarƙashin manyan itatuwa ne da bakin ƙoramu a kudanci da gabashin nahiyarmu, ana kuma samunta a duwatsun Kamaru, inda hazo ke sauka, ƙasa ba ta rabuwa da danshi, rana kuma ba ta isowa sai ta ratso ganye. Wani masanin halittu Bajamushe, Ferdinand Krauss, wanda ya yi yawon tattara tsirrai a Afirka ta Kudu daga 1838 zuwa 1840, shi aka laƙaba mata sunansa. Wasu daga cikin tukwanen da ake sayarwa da wancan suna na kasuwa kuwa 'yar'uwarta ce, Selaginella martensii, 'yar asalin Meziko, kuma buƙatarsu ɗaya ce. Danginsu yana da nau'o'i wajen 700, kuma masana sun ƙiyasta cewa zuriyar da suka fito daga cikinta ta kai shekara miliyan 400 a doron ƙasa. Wasu danginta na nesa a zamanin da itatuwa ne da tsayinsu ya haura mita 30, kuma gawarwakinsu na cikin abin da ya zama kwal ɗin da ya tuƙa jiragen ƙasa da masana'antun Ingila. Wannan ce za a ce mata raguwa?

Ga wata hujjar. An kai ta Niyu Zilan a matsayin shukar ado, ta tarar da sanyi da laima yadda take so, sai ta tsallake lambu ta shiga daji, ta shimfiɗu a ƙasa har tana hana tsirran ƙasar tsirowa. Yau hukuma a can ta sa ta cikin jerin tsirran da aka haramta sayarwa da yaɗawa. Ku duba fa! Shukar da ke mutuwa a kan teburin attajiri cikin makonni, ita ce ta gagari ma'aikatan gandun daji a wata ƙasa. Ashe ƙarfi na nan a jikinta, muhalli kawai take jira. Wane ne zai samar mata da muhallin? Mai lambu. Kai ke nan, ɗan'uwa. Ke ke nan, 'yar'uwa. Ku ne masu wannan aikin!

Abin da Mai Furfura take nema ba ya cikin aljihu. Ba ta neman tukunyar zinariya, ba ta neman taki mai tsada, ba ta neman takardar shaidar jami'a. Abu ɗaya take nema: hannun da ba ya fashi. A duba ta yau, a duba ta gobe, a duba ta jibi. Wa ya fi ku sanin wannan? Wa ke tashi ban ruwa ranar Sallah kafin ya sa sabuwar riga? Wa ke zuwa lambu da zazzaɓi a jikinsa don kada dashen jiya ya yi yaushi? Wa ya san cewa rana ɗaya ta sakaci tana iya cinye wahalar wata uku? Jarin da wannan shuka ke buƙata tuni yana hannunku, kun tara shi da gumi shekara da shekaru. Saura ku san inda za ku zuba shi.

Mu fara da ruwa. Saiwoyinta sirara ne, kuma ba sa nitsewa can ƙasa, a sama-sama suke, shi ya sa ba ta da rumbun ajiyar da za ta jingina da shi in ƙasa ta bushe. Ƙa'idar ita ce ƙasar tukunya ta zauna da danshi kullum, amma kada ta zama taɓo. Ma'aunin yana jikinka: sa ɗan yatsa a saman ƙasar kowace safiya. In ka ji ta fara sakin danshi, ba ta ruwa nan take, kada ka jira ta bushe. In ka ji ta jiƙe sharkaf, ɗaga mata ƙafa. Hanya mafi kyau ita ce ka tsoma gindin tukunyar cikin kwano mai ruwa na kamar minti 15 zuwa 20, ƙasa ta sha ta ƙasa har ta ƙoshi, sannan ka ɗaga ta ta tsane. Kada ka bar ta kwance cikin ruwa dare da rana, saiwa ma tana numfashi, in ta rasa iska sai ta ruɓe. Yatsa ɗaya, safiya ɗaya, kullum. Ka fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba!

Kuma ba kowane ruwa ba. Wanda ya fi mata daɗi shi ne ruwan sama, don haka in damina ta sauka ku tara, ku cika randa da jarka ku rufe. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana da kanwa-kanwa, za ka gane shi da farin dattin da yake bari a bakin tukunya da cikin buta. Irin wannan ruwa in ya daɗe yana taruwa a ƙasa sai ya ƙona bakin ganye, domin ita ƙasa mai ɗan tsami-tsami take so. In ruwan famfo ne gare ka, tara shi a bokiti ya kwana kafin ka ba ta. Kada ka zuba mata ruwan firji, kada kuma ka zuba mata wanda ya wuni a rana cikin tiyo ya yi zafi. Ƙananan abubuwa ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Ku riƙe su da kyau!

Yanzu ga babban fagen daga: laimar iska. Nan ne mafi yawan masu sayenta suke faɗuwa, nan ne kuma gwani yake bayyana. Mai Furfura tana son iskar da laimarta ta kai kashi 70 cikin 100 ko sama da haka, in ta yi ƙasa da kashi 50 sai ta fara kuka. Ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama a hunturun Turai laimarsa takan faɗo zuwa kashi 30 ko ƙasa. Mu kuwa mun san namu hunturun: iskar arewa maso gabas ta taso daga Sahara da ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wanki ya bushe kafin a gama shanya, laima ta faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Na'urar sanyaya ɗaki a ofis da otal ita ma tsotse laima take yi. A irin wannan iska ko ƙasar tukunya tana jiƙe ganye zai bushe, domin ruwan da ke fita ta ganye ya fi wanda saiwa ke iya jawowa. Feshin ruwa a ganye yana taimakawa, amma na ɗan lokaci ne, kafin ka juya ya tashi. To, sai a sallama? Ina! Akwai dabara, kuma tsohuwa ce.

A shekarar 1829 wani likita a gabashin Landan, Nathaniel Ward, ya sa tsutsar wani ƙwaro da ta lulluɓe kanta tana shirin yin fiffike cikin kwalba da 'yar ƙasa mai danshi ya rufe. Unguwarsu hayaƙin kwal ya cika ta, tsirran da yake so duk mutuwa suke yi a lambunsa. Sai ga tsiro ya fito a cikin kwalbar, ya rayu shekaru ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Ward ya lura da abin da ke faruwa: da rana danshi ya tashi daga ƙasa, ya taru a jikin gilashi, ya gangaro ya koma inda ya fito. Bai tsaya mamaki kawai ba, ya sa kafinta ya ƙera masa akwatunan katako da gilashi. A 1833 ya cika biyu da tsirrai ya sa su a jirgin ruwa zuwa Sidni ta Ostareliya, tafiyar watanni, suka isa da ransu. Da irin waɗannan akwatuna aka kwashi dashen shayi daga Sin zuwa Indiya, da su aka kai dashen roba daga lambun Kew da ke Landan zuwa Siri Lanka da Singafo bayan an kawo irinsa daga Burazil a 1876. Kwalba ɗaya da ido mai lura suka sauya noman duniya. Ido mai lura kuwa, wa ya fi mai lambu?

Kai ma yi naka! Ba sai ka sayi akwatin gilashi daga waje ba. Nemi babbar kwalba mai faɗin baki, ko tsohon akwatin kifin ado, ko babbar gorar ruwa ta roba mai haske ka yanke gindinta ka kifa a kan tukunya. In cikin kwalba za ka dasa, fara da tsakuwa a ƙasa, bi da ɗan dakakken gawayi, sannan ƙasa mai laushi, ka dasa, ka yayyafa ruwa, ka rufe. In ka ga 'yar raɓa a jikin gilashi da safe, aiki ya yi. In raɓar ta yi yawa har ba ka ganin ciki, ko ka ga farar fumfuna ta fara fitowa, buɗe murfin na awa ɗaya ko biyu iska ta shiga, ka cire ganyen da ya lalace. In kuma tukwane da yawa gare ka, tara su wuri ɗaya a lungun da iska ba ta kaɗawa, ka jera su kan faranti mai tsakuwa da ruwa yadda gindinsu ba zai taɓa ruwan ba, ka kewaye da leda mai haske. Shuke-shuke in sun haɗu suna riƙe wa juna laima. Da kayan da wasu ke zubarwa za ka gina mata gida. Wannan ita ce basira, kuma taku ce tun asali!

Sai zafi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 tana wahala. Farin bakin nan nata ya fi fitowa in gari ya yi sanyi-sanyi. In zafi ya ƙaru sabon toho yakan fito kore zalla. Wannan ba ciwo ba ne, kada hankalinka ya tashi, in sanyi ya dawo furfurar za ta dawo. Mutanen Jos, da garinku ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da mutanen Mambila da kuka fi haka tsayi, Allah Ya ba ku rabin aikin kyauta, ku yi amfani da shi. Na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda bazara ke kai digiri 40, naku aikin ya fi nauyi, gaskiya ce. Ku nemi ɗaki mafi sanyi a gida, ku sauke ta ƙasa kusa da randa, nesa da bangon da rana ke duka, nesa da bakin fanka. Kuma ku kiyaye: kwalbar da aka rufe in rana ta same ta kai tsaye, dafa shukar za ta yi.

A nan ma ba mu rasa abin koyi daga gida ba. Ku tuna Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi aikin koyarwa a Jihar Jigawa, ya kuma fito daga gidan maginan tukwane. Shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana tashi ta jikin babbar yana tafiya da zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Da wannan manoma da 'yan kasuwa suka riƙa adana tumatir da gauta da alayyafo kwanaki ba wutar lantarki, kuma a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta duniya a kan wannan aiki. Dabarar ta fi ci a busasshiyar iska, wato daidai lokacin da Mai Furfura ta fi shiga matsi. Sa tukunyarta cikin babbar tukunyar ƙasa, cika tsakani da yashi, jiƙa shi safe da yamma: saiwa ta sami sanyi, ganye ya sami ɗan danshi a kewayensa. Yumɓu namu ne, yashi namu ne, ilimin ma namu ne. Me ya rage? A tashi a yi!

Haske kuma fa? Ku tuna 'yar ƙarƙashin itatuwa ce. Tana son wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa kai tsaye: kusa da tagar da ke kallon arewa, ko 'yar tazara daga tagar gabas, ko bayan labule mai shara-shara. A lambu kuwa, can cikin rumfa, ƙarƙashin inuwar manyan tukwane. Ranar tsaka ta awa ɗaya ta isa ta ƙona ta. In kuma duhu ya yi yawa za ka ga rassa sun yi tsawo sun rame suna miƙewa neman haske, sai ka matsar da ita gaba kaɗan. Juya tukunyar lokaci-lokaci don kowane gefe ya samu rabonsa, ta cika ta yi ɗas ta ko'ina.

Ƙasarta ta zama mai laushi, mai riƙe danshi, mai kuma sakin rarar ruwa. Ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙar ƙasa, a haɗa da ɗan yashi mai tsabta, in an samu da dakakken ɓawon kwakwa, ya wadatar. Jar laka mai ɗaurewa ba tata ba ce. Tukunya ta zama mai faɗi marar zurfi, kuma dole da huda a gindi. Ta roba ta fi riƙe ruwa, ta ƙasa ta fi sanyi amma tana saurin bushewa, sai ka san wadda kake da ita ka daidaita ban ruwanka. Taki kuwa, a yi hattara: ɗanyen kashin kaji ko barbaɗa takin zamani a gindinta ƙona ta zai yi. In za ka ba ta na ruwa, sirka shi ya zama rabin ƙarfin da aka rubuta, sau ɗaya a wata, lokacin da take toho kawai. Takin da ya yi yawa ma yana iya rage farin da ake sayenta dominsa. A wannan fagen mai sauƙin hannu shi ke cin riba.

Shuka ba ta da baki, amma tana magana, kuma ku kun iya yarenta. Ganye ya nannaɗe ya yi ƙamas? Iska ta bushe ko ƙasa ta bushe, a ƙara laima, a ba da ruwa. Gindi ya yi laushi, ganye ya yi rawaya, ƙasa tana wari? Ruwa ya yi yawa, a duba hudar tukunya, a cire abin da ya ruɓe, a sauya ƙasa. Launi ya koɗe, gefe ɗaya ya ƙone? Rana ce, a janye ta. Ka ga wasu siraran zare suna saukowa daga jikin reshe suna neman ƙasa? Kada ka yanke, ta nan take fitar da sababbin saiwoyi, alamar lafiya ce. Wanda ke dubawa kullum yana kama matsala tun tana ƙarama, kuma rigakafi ya fi magani. Ku buɗe ido, ku saurara, ku amsa mata da wuri!

Akwai wata 'yar'uwarta a hamadar Meziko da kudancin ƙasar Amurka, Selaginella lepidophylla, wadda in fari ya yi sai ta dunƙule ta bushe ƙarau, ta yi watanni a haka, ranar da ta sami ruwa kuma ta buɗe cikin awoyi ta koma kore. Kada wannan labari ya ruɗe ku. Mai Furfura ba ta da wannan baiwa. In ta bushe gaba ɗaya, ta tafi ke nan. Saboda haka in tafiya ta kama ka, ko biki, ko jinya, kada ka bar ta ga sa'a. Shayar da ita, rufe ta da murfinta, sa ta a inuwa, ka kuma wakilta wanda ka yarda da shi, ka nuna masa da hannunka yadda ake gwajin yatsa. Amana ce mai rai. Masu riƙon amana kuwa, ai ku ne!

To, ina ribar duk wannan wahala? Ga ta nan tafe. Shukar da aka ce tana da wuya, wajen yaɗuwa ba ta da rowa ko kaɗan. Yanki reshe mai tsawon kamar santimita 5, musamman wanda ya riga ya fitar da zaren nan, kwantar da shi kan ƙasa mai danshi, danna shi kaɗan ya manne, rufe da leda ko gora, ajiye a inuwa mai haske. Cikin 'yan makonni ya kama. Tukunyar da ta cika kuma ana iya fasa ta gida biyu ko uku da hannu, kowane kashi da saiwarsa, kowanne ya zama sabuwar tukunya. Ɗaya ta zama uku, uku su zama tara, tara su cika rumfa. Ba ka sayi iri ba, ba ka biya kuɗin mota ba, ba ka jira ɗan kasuwar waje ba. Haƙurinka ne ya haihu! Kuma abin da kowa ke iya rainonsa, kowa ke sayar da shi da arha. Abin da ya gagari mutane, mai iya shi ne ke faɗin farashi.

In mai saye ya zo, ku gaya masa gaskiya. Alhaji, wannan ba ta son rana. Hajiya, wannan kullum ake duba ta, kada a ajiye ta gaban na'urar sanyaya ɗaki. Ranka ya daɗe, in ba ka da mai kula da ita, ga wata mai jure fari, ita ta fi dacewa da kai. Kada tsoron rasa cinikin yau ya sa ka ɓoye. Wanda ka sayar masa ba bayani, ta mutu a hannunsa cikin mako biyu, ba zai ce iska ce ta kashe ta ba, cewa zai yi mai lambu ya cuce shi. Wanda ka yi wa bayani kuwa, ta rayu, duk baƙon da ya yaba a falonsa sunanka zai ji. Ka fi haka ma: sayar da ita a shirye cikin kwalbarta, da tsakuwarta da gawayinta da murfinta, ka ɗora kuɗin gwanintarka a kai. Ka yi yarjejeniya da otal ko ofis kana zuwa duba musu duk mako. Da kai mai sayar da tukunya ne, yanzu ka zama mai sayar da sani. Gaskiya jari ce, ku zuba ta ba tsoro!

Za a yi asara? Za a yi. Wata rana ruwa zai yanke, wata rana iskar hunturu za ta yaye leda cikin dare, wata rana yaron da ka bar wa aiki zai manta. Za ka zo ka tarar da tukunyar da ka fi so ta bushe, ranka ya ɓaci. Babu mai lambun da bai taɓa binne shuka ba, har waɗanda ke aiki a manyan lambunan duniya. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne abin da yake yi bayan haka. Duba gindin da kyau, sau da yawa akwai ɗan reshe kore da ya tsira a ƙarƙashi. Ciro shi, kwantar da shi, rufe shi, fara daga nan. Tambayi kanka me ya faru, gyara, ci gaba. Shi ya sa mai hankali ba ya riƙe tukunya ɗaya tak, kullum yana da dashe a ajiye. Faɗuwa ɗaya ba ta kai mutum ƙasa sai in ya ƙi tashi. Ku tashi, ku karkaɗe riga, ku ɗauki buta!

Kada kuma wani ya raina muku sana'a. Wanda ke raya shukar dajin hazo a garin da iska ke tsaga leɓe, masani ne, ko ya shiga aji ko bai shiga ba. Ya san ruwa, ya san ƙasa, ya san iska, ya san lokaci. Da wannan sani ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake aurar da 'ya'ya, da shi ake ciyar da iyaye, kuma kowace naira a cikinsa tsarkakakkiya ce. Ku koya wa yaranku na lambu, ku koya wa 'ya'yanku mata da maza. Yaron da ya iya riƙe Mai Furfura shekara guda ba ta mutu ba, ya koyi zuwa a kan lokaci, ya koyi lura, ya koyi cika alkawari. Wane aiki ne a duniya zai gagare shi bayan haka?

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku ji tsoron shuka mai wuya. In ta zo hannunku, ku karɓe ta da ƙarfin zuciya. Ku tara ruwan sama, ku wanke kwalba, ku daka gawayi, ku jiƙa yashi, ku gyara inuwa. Ku duba ta da safe, ku leƙa ta da yamma, ku yanka, ku dasa, ku yaɗa, ku sayar da gaskiya. Wanda ya fara da tukunya ɗaya bana, da yardar Allah baɗi rumfa zai nuna. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ƙara kasuwa, Ya ba da lafiyar yin aiki. Ku ɗaura ɗamara, aiki na jiranku, kuma kun fi ƙarfinsa!